Noti Biyu a Aljihun Cha'ibu

A Matameye in ka ce Cha'ibu mai birki, ba wanda zai tambaye ka wanne. Rumfarsa na jikin tawa a bakin tasha, shi yana gyaran birki, ni Sallau ina facin taya, shekara goma sha tara ke nan muna shan inuwa ɗaya. A Kano ya koyi aikin lokacin da yake zuwa cin rani, kuma can ne ya ga motar da birki ya ƙwace mata ta afka cikin masu sayar da rake. Bai taɓa kai mini labarin ƙarshe ba. Da tsoro dai ya dawo gida, mutum ne da zai ɗaure noti, ya miƙe, ya sake durƙusawa ya taɓa shi. Direbobi na ce masa Malam Sannu-sannu, ni ma da bakina a ciki, don ni uban 'yan gaggawa ne, ba na ɓoyewa.

Wata Alhamis Idrisa direba ya kawo akori-kurarsa, ƙafar gaba ta dama tana ƙara kamar ana wasa wuƙa. Cha'ibu ya ɗaga motar, ya cire taya, sai ga faifan birki duk ya zaizaye, har da tsaga. Ya ce wannan ya wuce gyara, sai sabo. Idrisa ya hau mita, wai bayan azahar zai kwashi mata zuwa gidan suna a Dawce. Cikin matan har da Habsatu, matar Cha'ibun, don ƙanwarta ce ta haihu.

Aka samo faifai. Cha'ibu ya wanke shi da fetur, ya zura shi, ya mayar da ƙarfen da ke riƙe takalman birki a mazauninsa. Daidai nan aka zo wucewa da makara, wani dattijon unguwarsu ne ya rasu. Mu kuwa nan in gawa ta wuce, komai ke hannunka ajiyewa kake yi. Ya goge hannu, ya ce in duba masa rumfa, ya bi sahu.

Bai jima da tafiya ba sai ga Idrisa da mata sun kai ashirin, da kwanoni da goyo, ya ishe ni da surutu. Na leƙa, na ga faifai sabo fil yana ƙyalli, komai a wurinsa. Na ce a raina maƙwabci ya tafi jana'iza, ɗaura taya kuma sana'ata ce, me ya yi saura? Na ɗaura, na sauke motar. Har godiya Habsatu ta yi mini da za su tashi.

Da Cha'ibu ya dawo daga maƙabarta, ya tsaya yana kallon wurin da motar take ɗazu. Ya sa hannu a aljihu ya fito da noti biyu dogaye. Na san ɗabi'arsa sarai, duk notin birkin da bai ɗaure ba aljihu yake jefa shi, amma ranar ko kusa ban tuna ba.

"Sallau, ina motar?"

Na ce masa na ɗaura taya, Idrisa ya tafi da matan. Ya ce notocin nan su ke riƙe ƙarfen, in Idrisa ya taka birki da ƙarfi ƙarfen zai juya ya tsinke tiyo, mai ya zube, shi ke nan ba birki. Muka kira Idrisa, waya ba ta shiga. Ta Habsatu tana shiga, amma wa zai ji kukan waya cikin hirar mata ashirin?

Na tada babur, ya hau baya. Ban taɓa ganin nisan Dawce ba sai ranar. Duk inda na hango mutane sun taru sai in ɗauka motar ce, in mun matsa mu tarar manoma ne. Salatin Cha'ibu kawai nake ji a bayan kunnena. Can ya dafa kafaɗata na tsaya, ya sauka ya dangwali wani ɗigo a ƙasa ya shinshina, ya ce man birki ne. Gabanmu kuma akwai gangaren da ke sauka cikin ƙorama, mu duka mun san da shi. Na sake tada babur ɗin.

Mun tarar da motar ta bar hanya, ta kafe cikin yashin wata gona, saura taku hamsin ta kai gangaren. Matan na zaune ƙarƙashin gawo, wata na wanke goshin da ya fashe, yara na kuka. Na ƙirga kawuna har sau biyu, ba wanda ya rasu. Idrisa ya ce saniya ce ta gitta, ya taka birki, ya ji ƙarar ƙarfe, ƙafarsa ta tafi har ƙasa, sai ya karkata cikin gona. Yana gama faɗa ya juyo kaina, idonsa jawur.

Cha'ibu ya shiga tsakaninmu. "Ni na bar aiki ban faɗa wa kowa ba," in ji shi.

Idrisa ya wanke shi tas a gaban matarsa, har da cewa ashe sannu-sannun ta banza ce. Ni kuwa, mai bakin nan, na yi tsit kamar ruwa ya cinye ni, kuma har gobe ina jin kunyar shirun nan. Cha'ibu ya je ya duba Habsatu, ya dawo ya durƙusa gaban tayar. Sau uku noti na kuɓuce masa yana faɗuwa cikin yashi.

Shekara biyu ke nan bai taɓa tada mini zancen ba, ni ma ban sake ce masa Sannu-sannu ba. In an wuce da makara, yana nan yana cewa in duba masa rumfa. Sai dai kafin ya tafi yakan sunkuya ya kwashe notocin tayar motar da yake gyarawa gaba ɗaya ya zuba a aljihu, ina zaune ina kallo.