Sanusi ya wanke babur a tsakiyar Sahara

Kwana biyu da barinmu garin Sabha na Libiya, rana tsaka, na zagaya bayan tudun yashi sai na tarar da Sanusi a tsugune yana wanke babur ɗinsa da jarkar ruwan shanmu ta ƙarshe.

Mu huɗu muka taso daga unguwar Jadid ta Sabha, duk leburorin gini, wai za mu je kallon tafkunan Ubari. Tun safe hanya ta ɓace mana, ko miyau babu a bakina.

Na ce, "Sanusi, kanka ɗaya kuwa?"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Haba yaya, hoto zan tura wa budurwata a Damagaram. So kake ta ga ƙura ta ce wahala nake sha a Libiya?"

Na ce, "To ɗauki mai kyau, shi za a nuna wa masu gaisuwar mutuwa."

Da la'asar Allah ya jefo mana wani dattijon Buzu mai raƙuma, ya shayar da mu, ya ɗora mu kan hanya.

Budurwar kuwa da ta ga hoton, cewa ta yi, "Babur ɗin wa ka aro?"

Jama'a, gobe ma wai zai bi mu Murzuƙ. Mu tafi da shi?