Giredar da Yaya Sabo bai ƙarasa ba

Bana shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sabo, direban katafila na nan Tudun Wada, Allah ya sa can ta fi masa nan. Ba yabon mamaci na zo yi ba. Mutumin kirki ne, amma taurin kansa ya fi ƙarfin kwatance, kuma na sha faɗa masa ido da ido. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wani kwali da matarsa Lami ta dire mini kafin damina, da tambayar da kwalin ya bar ni da ita.

Yaya ya ƙarar da ƙarfinsa a kan katafila da gireda, yana fasa daji yana baje marmara. Da ciwon baya ya sauke shi, sai ya dawo gida ya zame mana masifa. Ya gyara ƙofar da ba ta lalace ba, ya yi faɗa da 'yan acaɓa a kan inda suke jingine babur. Rannan a Sabon Gari, a shagon wani ɗan Ibo mai kayan gwanjo, ya ga kwali da hoton katafila a jiki. Ciki kuwa babu katafila, sai gutsattsarin roba birjik manne a jikin firam, kowanne da lambarsa. Duk wanda ya buɗe sai ya ce ai a karye take. Yaya ya duba ya ce, "Ba a karye take ba, haɗa ta ne ba a yi ba." Daga ranar, duk sanda irin kwalin ya faɗo a dila, mai shagon ya san ƙofar da zai aika.

Lokacin ni kuma na shiga makarantar yaƙi da jahilci, da jikokina da furfurata. Idon Yaya ya soma rauni, lambobin kuwa ƙanana ne kamar ƙwayar gero. Sai ya leƙo ta katanga ya ce, "Malama Asabe, zo ki yi mana aiki da bokon tsufa." Ni in karanta lamba, shi ya cire da abin yanke farce, ya kankare bakin da reza, ya ɗauka da hantsaki, ya ɗiga gam da tsinken ashana. Sarƙar katafila ɗiya-ɗiya ake haɗa ta, mutum ya wuni bai gama gefe guda ba. In na karanta shida a wurin tara, ya ce zai kai ƙarar malamarmu. In ce ya fara kai ƙarar idonsa.

Abin da ban gane ba, har ya rasu, shi ne ƙarshen aikin. Sai ya gama tsaf, ya shafe ta da fenti ruwan ɗorawa tana sheƙi, sannan ya zauna ya ɓata ta. Ya daka marmara, ya tankaɗe da rariya, ya jiƙa ƙaro don ƙasar ta kama, ya riƙa ɗiga jar ƙasar nan da gashin kaza tsakanin sarƙa. Ya lakato baƙin tukunya ya shafa a bakin salansa. Ya kankaro tsatsar tsohuwar ƙusa. Ya goga fensir a gefe-gefe har wurin ya yi kamar ƙarfen da fenti ya goge. Wani ɗan wuri da bai kai farce ba sai ya yi mako yana juya shi a hasken taga. Na ce, "Yaya, shekara da shekaru ana wanke maka ƙasar nan daga riga, yanzu da hannunka kake kawo ta ɗaka?" Ya ce, "Ke dai karanta lamba." Iyakar bayanin da na samu ke nan.

Da ya rasu, Lami na zaune cikin takaba, dangi mata suka fito da kayansa don a wanke a kimtsa kafin rabon gado, yadda aka saba. Suka ga motocin nan jere a kabat, buɗu-buɗu da ƙasa, suka ɗauka jinya ce ta hana a goge. Aka kawo baho da omo da soso. Ƙaro kuwa ba ya jure ruwa. Na shigo na tarar da motocin shanye a rana kan tabarma, sumul kamar kayan jere, ruwan bahon ja wur. Na yi masifa har maƙwabta suka leƙo. Inna Talatu, ƙanwar mahaifiyarmu, ta share hannu a zane ta ce, "Ke Asabe, so kike malamai su zo rabo su ce mun bar kayan mamaci cikin dauɗa?" Ni kaina a lokacin ban san amfanin dauɗar ba.

Bana Lami za ta koma Kaduna wurin ɗanta. Tana kwashe kaya ta jawo kwalin daga ƙarƙashin gado. Gireda ce, ita ce ta ƙarshe da ya soma, an haɗa gangar jiki, babu taya, babu wuƙar da ke baje ƙasa. Ta ce, "Gwaggon yara, ko ki ƙarasa ko in ba jikoki su yi tamaula da ita." Na ce a ba jikoki in na mutu. Na ɗauka na rantse sai na ƙarasa ta yadda shi zai ƙarasa.

Haɗawar ba ta gagare ni ba. Na sa tabarau, na bi lamba, gam ya kama mini yatsu ya fi a ƙirga, amma kafin ruwan damina ya ɗauke, giredar ta tsaya da tayoyinta, na shafe ta da fenti. Sai aka zo kan ƙasa. A ina zan sa? Duk waɗanda zan duba in kwaikwaya an wanke su.

'Yata ta nuna mini a waya yadda mutanen ƙasashen waje ke yi. Da ɗan injin feshi suke aiki, kuma ashe har ƙasa da tsatsa a kwalba ake sayar musu. Na yi ta tunanin abin da Yaya zai ce. Na san zai zage su tas, ya ce mutum da ƙasa a ƙofar gidansa ya je ya saya. Amma na san shi, yana gama zagin zai ce a maido masa hoton baya ya sake gani. Haka nake tunanin me zai ce da katafilar yanzu, mai gilashi rufe da sanyin na'ura, direba ya sauko da farar riga. Zai ce wannan zama a ofis ne, ko kuwa zai tuna bayansa ya yi shiru? Wallahi ban sani ba, kuma ina so in sani.

Da wayar ba ta fisshe ni ba, na hau keke mai ƙafa uku na tafi Tudun Jukun, inda na ji ana gyaran wata hanya. Na tsaya a inuwa ina kallon wata tsohuwar gireda tana kai da kawowa. Da azahar direban ya sauko, dattijo ne, ya nufo ni.

"Hajiya, lafiya? Ko filinki muka taɓa?"

"Filina ƙalau, Malam. Dauɗar motarka na zo gani."

Ya yi dariya har ya dafa gwiwa. Da ya ga ba wasa nake ba, ya zagaya da ni. Ya nuna mini matakala, fenti ya goge a gefe guda kawai, wurin da yake fara sa ƙafa. Ya nuna kan liba inda tafinsa ya cinye robar, da zanen da kwanon abincinsa ya yi a inda yake rataye shi. Ƙasa ta fi taruwa a ɓangaren dama, don can ya fi son karkata wuƙa.

"Kowace mota da dauɗar direbanta, Hajiya. A jera mini goma, ba sai na duba lamba ba. Ta wani ma in na gani zan gaya miki ko bahago ne, ko rago ne wajen sa giris."

A hanyar dawowa na gane. Ashe motocin da ya tuƙa Yaya yake maidowa ɗaya bayan ɗaya, da inda ya taka, da inda ya dafa, da jar ƙasar hanyoyin da ya fasa. Na zauna kusa da shi shekaru ina karanta lamba, ban taɓa tambayarsa da wace ƙafa yake hawa ba. Na tambayi Lami, ta ce ita ba ta taɓa ganinsa a kan mota ba, sai dai ta ga rigar.

Na riga na daka marmara, na jiƙa ƙaro. Na zauna da gashin kaza a hannu har ƙaron ya soma bushewa. Duk inda na ɗiga, ko dai dauɗar dattijon Tudun Jukun ce, ko ƙaryata ce. Na tashi na zubar a gindin lemo.

To me ya rage na Yaya? Hanyoyinsa an sake su, an zuba kwalta a kai. Motocinsa an wanke. Ya bar mini ido dai, don yanzu ko turmi na gani a gidan mutane sai na duba inda hannun mai shi ya cinye.

Ranar da Lami ta zo sallama ta ga giredar a kan kabat, ruwan ɗorawa tas. Ta ce, "Gwaggon yara, ashe ba ki ƙarasa ba? Ina ƙasar?"

Na ce, "Na ƙarasa nawa. Sabuwa ce, Lami. Direbanta bai samu hawa ba."

Ta daɗe tana kallonta. Sannan ta gyara mayafi ta ce, "Allah ya jiƙansa." Na ce amin.