Ranar da Baba Ya Cire Takalmi a Ɗakin Zomaye

Mai yiwuwa wasu abubuwan sun cakuɗe mini, don ranar ban karya ba. Ga dai abin da nake tunawa.

Shekarata ta farko ce bayan digiri, ina aiki a ɗakin dabbobin gwaji na wata cibiya a hanyar Mai'adua. Zomaye muke da su da fararen ɓeraye. Hukumar da ke ba da izini ta ce ta waya za ta duba mu: in riƙe wayar in zagaya, su suna kallo daga ofishinsu. In muka faɗi a rufe ɗakin, gwajin da muka kusa gamawa ya tashi a banza.

Mako biyu muna wanke keji. Sau uku, ina jin, na maimaita wa Baba mai kula da dabbobin, wani dattijo ɗan Baure, cewa a sa takalmin roba, a taka ruwan maganin bakin ƙofa, kada a cire sai an fito.

"Malama, kin faɗa jiya, kin faɗa shekaranjiya," ya ce. "Zomayen ma sun haddace."

Ni tsorona duk yana kan sabis, don a wajenmu waya kan tsallaka layin Nijar ba sallama. Ranar kuwa bai yanke ba.

Mai dubawar farfesa ce, dattijuwa mai tabarau. Ta ga ma'ajiyar abinci, ta sa na kusanto da littafin awon zafin ɗaki har ta karanta. Sai ta ce a nuna mata mai kula da zomayen. Baba na jin an ce farfesa, ya zare takalman ya ajiye gefe, ya durƙusa a kan simintin, ƙafa ba komai.

"Ranki ya daɗe, an wuni lafiya? Ya iyali?"

Fuskarsa kawai take gani, a zatona. Da na bar hannuna yadda yake, shi ke nan. Na yi wannan tunanin, ba zan ɓoye ba. Sai na sunkuyar da wayar har ƙafafunsa suka fito.

Farfesar ta gyara tabarau ta dube shi.

"Baba, wa kake girmamawa haka?"

"Ke mana, ranki ya daɗe."

"To a ɗakin nan, girmana shi ne takalminka ya zauna a ƙafarka. Je ka wanke ƙafa ka sake shigowa, ina kallo."

Ya fita, ya dawo sanye da takalman, ya taka ruwan maganin. Ita kuma tana ta rubutu.

Da takardar ta zo, izini ne bisa sharaɗi: a sake horar da ma'aikata, a aika wa hukumar bidiyon horon. Ba a rufe mu ba. Shugabanmu ya yi kwana biyu bai amsa gaisuwata da kyau ba. Baba kuwa ya ce, "Malama, kin tona ni," ya miƙo mini goro.

Waɗanda suke wajen, in na ƙara ko na rage, don Allah ku aiko mini in gyara.