Baba Asali, Wanda Ya Ƙi Goge Hotunan Mutane

"Yallaɓai, ba zan goge ba."

Haka Baba Asali ya faɗa wa manajanmu wata safiyar Litinin, shekara tara ke nan, kofin shayinsa a hannu, ko murya bai ɗaga ba. Makona uku da kama aiki a lokacin, teburina na gefen nasa, da kunnena na ji.

Kamfaninmu yana da manhajar da mutane ke ɗora hotunan iyalinsu don 'yan'uwa na nesa su gani. Rumbun ajiyarmu ya kusa cika, sai manaja ya ba da umarni a ƙanƙantar da kowane hoto daidai fuskar waya, a goge babban na asali.

"Wa zai lura?" in ji manaja. "A waya suke kallo."

"Yau a waya suke kallo. Ajiya suka ba mu, yallaɓai, ba kyauta ba."

"To a aljihunka za mu zuba su?"

"Ba ni wata biyu."

Daga ranar sunan ya bi shi, har mai sharar ofis Baba Asali take ce masa.

Abin da ya gina a wata biyun nan shi muke amfani da shi har yau. A da, kowane hoto kwafi shida muke ajiyewa, manya da ƙanana. Ya zubar da kwafin, ya bar na asali shi kaɗai, ba mai taɓa shi. Idan wayarka ta nemi hoto, akwai kwamfutocin rarrabawa da ke warwatse a garuruwa. Wadda ta fi kusa da kai ce za ta yanko maka daidai girman wayarka nan take, ta riƙe shi saboda mai nema na gaba. Rumbun ya sami sarari. Ba wanda ya ce masa sannu.

Ina kewar safiyoyin nan. Yakan riga kowa zuwa, ya goge tabarau da bakin riga, ya jawo wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi daga aljihun tebur. Sai ya buɗe manhajar yana ƙirga ɗaya, biyu, uku. In hoto bai fito ba kafin uku, ranar ba mai shan iska. Muna tsokanarsa ya sayi sabuwa, yakan ce, "Irin wannan ce a hannun yayata. In ta buɗe a nan, ta buɗe ko'ina."

Akwai lokacin da na'urar yanka ta riƙa sare kawunan mutane a tsofaffin hotuna. Ba ta gane baƙar fuska in hoto ya koɗe, sai ta ɗauki agogon bango ta sa a tsakiya. Baba ya raɗa mata suna Mahauciya. Mako biyu muna kanta ni da shi, kuma ni na gano inda kuskuren yake. A wurin taro, ni kaɗai ce mace, manaja ya juya zai yaba masa, sai ya nuna ni da cokalin shayi. "'Yata ce ta gano. Ni sukari kawai na ƙarar." Tun daga ranar ban sake yin ƙasa da murya a ɗakin nan ba.

Bara wata tela ta hawo ofishinmu, zare na manne a gyalenta. Gobara ta cinye ɗakinta har da hotunan mahaifiyarta, wadda ta rasu. Saura guda ɗaya, wanda ƙaninta ya ɗora a manhajarmu shekara bakwai da suka wuce. Mai wankin hoto ya ce mata na waya in an faɗaɗa shi hazo zai zama. Baba ya ba ta kujerarsa, ya kira na asalin a babban allo. Ta matso, ta daɗe tana kallo.

"Ga wushiryar Inna," ta ce a hankali. "Har tabon allura a yatsanta."

Manaja na tsaye a bakin ƙofa. Ya juya ya koma ofishinsa.

Baba, kai ne mai riƙon amanar da masu ita ba su ma san sun ba ka ba. Miliyoyin fuskoki sun bi ta hannunka, ba ka bari an rage ko ɗaya ba. Na gode, a madadina da telar nan da duk wanda bai san sunanka ba. Ku kuma 'yan'uwana masu wannan sana'a, ranar da aka ce ku goge abin da ba naku ba, ku tuna an taɓa yin wanda ya ce a'a.

Amma kada in yi muku ƙarya cewa a banza ya sha. An rubuta "mai taurin kai" a fayil ɗinsa, kalmar ba ta fita ba. Sau uku ana tsallake shi wajen ƙarin girma, biyu daga cikin waɗanda ya koya wa aiki suka zama shugabanninsa. Ranar Juma'ar da ta wuce ya yi ritaya a kan kujerar da na same shi shekara tara baya, wadda ake tokare ƙafarta da naɗaɗɗiyar takarda. Wayar nan mai tsagaggen gilashi ya bar min ita a aljihun tebur.