Baba Buraima da Kalmar "Da Sauƙi"

Kullum bayan asuba Baba Buraima yake hawo mota daga unguwar Gubaira zuwa asibiti, nan ƙasar Larabawa, ya sa safar hannu da takunkumi, ya kama goge ɗakunan masu dashen ɓargo. Shekara goma sha tara ke nan. Mutumin Tasawa ne, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Ni ba marubuci ba ne, walda nake yi, amma wannan sai na faɗa.

Ƙanena Maulud aka yi wa dashen, ɓargona aka sa masa. Jininmu ba rukuni ɗaya ba ne. Likita ya ja kunnenmu: a makonnin farko jijiyoyin jini kan ba da matsala, duk abin da ya ji a jikinsa a faɗa nan take.

Kwana na goma sha ɗaya likita ya shigo ya tambayi jiki. Maulud ya ce, "Da sauƙi." Ni ne tafinta, na ce da Larabci, "Kuwayyis, daktur," wato lafiya lau. Likita ya juya zai fita.

Baba Buraima yana goge bakin ƙofa. Ya jingine sandar gugarsa.

"Kai, me ka gaya masa?"

"Ya ce da sauƙi, Baba."

"Bahaushe ko ana haƙa masa kabari da sauƙi zai ce. Maulud, ɗana, bar kunya. Ina ne?"

Maulud ya ɗora hannu ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama. Tun jiya yake ciwo, in ji shi, bai so ya tayar min da hankali ba.

Mai shara ba ya tare likita. Kai ka tare shi, Baba, da Larabcinka na kasuwar Batha, ka san ana iya sallamarka a kan haka. Aka yi hoto. Ƙananan jijiyoyin hanta sun fara toshewa. Cikin Maulud ya kumbura, idonsa ya yi rawaya, kwana tara ina tsaye bayan gilashi ina tunanin ɓargona da bakina ne za su kashe shi.

Maulud ya tashi. Jiya da ƙafarsa ya je masallaci.

Baba, ma'aikatan jinya sun ce ba a kanmu ka fara ba. Kai ne kunnen marasa baki a hawa na huɗu. Na gode, Baba, Allah ya kai ka Tasawa lafiya. Ku kuma masu raka majinyaci, in ya amsa muku, ku sake tambaya. Daga wata mai zuwa babu Buraima a bakin ƙofa.