Matar da Ba Ta Rubuta Sifiri Sai Ta Ji da Kunnenta

Kafin in buɗe ƙofar sito, ita ta riga ta buɗe tata. Ofishinta ɗan ɗaki ne da ke manne da bangon sitonmu, mai taga ɗaya da fanka mai yawan ƙorafi. Da ta shigo sai ta share gilashin idonta da gefen mayafi, ta jona wayoyinta biyu a caji, ta kunna kwamfuta. Kafin kwamfutar ta gama shawarar tashi, don ita ma ta kwana biyu a duniya, sai ta tsaya gaban taswirar da ke bango, tana bin cibiyoyin kula da yara masu tamowa da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Daga nan sai ta yi tambayarta ta kullum: "Wa ya rage?" Direbobi suka mayar da tambayar suna, har sababbin ma'aikata kan ɗauka sunan yanka ne. Ni dai Yaya nake ce mata, don ta girme ni, kuma ta sha ja mini kunne kamar ƙaninta na ciki ɗaya.

Ni ne mai kula da sito. Aikina katan ne: na abincin tamowa, na madarar jinya, na magani. In an ce in fitar in fitar, in an ce in riƙe in riƙe. Amma mutanen da ke cewa a fitar ɗin, da idon Yaya suke gani. Kowane mako cibiyoyi na aiko da rahoto: yara nawa aka karɓa, nawa ne tef ɗin awon damtse ya nuna ja a hannunsu, nawa suka warke, nawa aka rasa, katan nawa ya rage. Ƙungiyoyin agaji da yawa ne, kuma kowace da salonta. Wani ya aiko a tsare, wani ya ɗauki hoton takarda wanda da kyar ake karantawa, wata ta aiko da saƙon murya jariri na tsala kuka a bayanta. Yaya ce ke zama ta tsefe su, ta cire wanda aka ƙirga sau biyu, ta haɗa su wuri ɗaya, yadda in shugabanni suka zauna taro za su san inda mota za ta nufa. Ba a taɓa ɗaukar hotonta riƙe da yaro ba, kuma iyayen yaran ba su san da ita ba.

Tana da wata ɗabi'a da ta sha ba mu haushi. In cibiya ba ta aiko da rahoto ba, ba ta rubuta sifiri a gurbinta. Sai ta shafa wa gurbin launin rawaya mai ɗaukar ido, ta bar shi haka, ya ɓata kyan jadawalin gaba ɗaya. Na taɓa ce mata, "Yaya, wanda bai ce komai ba ai ba shi da komai. Ki cike mu wuce."

Ta dube ni ta saman gilashi ta ce, "Kai in ƙanwarka ta daina kiranka, cewa kake yi lafiya lau take?"

Saboda haka kowace cibiya lamba uku take da ita a wayar Yaya: ta nas ɗin wurin, ta wani maƙwabci, da ta wani mai yawo, ko direban haya ne ko mai fataucin hatsi. Maigidanta, wanda tela ne mai barkwanci, ya taɓa ce mini shi kansa bai tabbata yana cikin ukun farko ba. "In na kira na ji tana waya, sai in haƙura," in ji shi. "Na san wani mai sayar da caji ne a wani ƙauye ya riga ni."

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a shekarar da ruwa ya yi mana ɓarna. Kayan sito sun yi ƙasa sosai, sabbin kaya kuma na hanya, ba a san ranar zuwansu ba. Akwai wata cibiya a ƙetaren kogi da rahotonta ya yi ta raguwa mako bayan mako, sannan ya ɗauke gaba ɗaya. A ido, labari ne mai daɗi: yara masu tamowa na raguwa. Wasu suka ce ai mutanen wurin sun tashi ne saboda ambaliya. In aka bi lissafi yadda aka saba, cibiyar ba za ta samu ko katan ɗaya ba a rabon ƙarshe, kuma duk yaron da ke kwance a can sai dai ya jira kayan da ba wanda ya san ranarsu.

Yaya ta kira nas ɗin, waya a kashe. Ta kira maƙwabcin, a kashe. Na ukun mai kwale-kwale ne, shi ma sai da ta yi ta nema kafin ya tsallako gefen da ake samun sabis. Ta bango nake jin muryarta da tasa, don ta buɗe lasifikar wayar.

"Baba, mutanen sun tashi ne?"

"Ina za su, 'yata? Suna nan. Ƙarfen sabis ne ya faɗi, gada kuma ruwa ya ci."

"Mata na kai yara asibiti?"

"Da dai ina tsallakar da su daga ƙauyukan sama. Yanzu sun daina. Sun ce abincin ya ƙare, to me za su je yi?"

Ashe raguwar da muke murna da ita ba sauƙi ba ne. Iyaye ne suka ji babu kaya, suka daina wahalar zuwa.

A taron rabo ina zaune a baya da takardun sito. Yaya ta miƙe ta ce, "Ranka ya daɗe, ba ni da adadi. Abin da nake da shi maganar mutum ɗaya ce, shi ma tuƙin kwale-kwale ne sana'arsa." Shugaban taron mutumin kirki ne, kuma ya san aikinsa. Ya ce, "Na ji ki. Amma duk katan da na tura can, daga bakin yaron da na san yana nan na cire shi. Ki nuna mini inda zan cira ba tare da na kashe wani ba." Gaskiya ya faɗa, ita ma ta san gaskiya ce. Ta ce a ba ta zuwa gobe.

Yinin nan ba ta ci komai ba sai ruwan shayi. Ta kira cibiyoyi ɗaya bayan ɗaya, tana roƙon kowace nas ta shiga ɗakin ajiya ta ƙirga katan da hannunta, kada ta karanto daga takarda. Wasu suka yi mita, wata ma ta kashe mata waya, ta sake kira ta ba da haƙuri. Nan ta gano mai rarar biyu, can mai rarar biyar, can wanda ba za a taɓa shi ba ko kusa. Washegari ta ajiye lissafin gaban shugaba, ya duba, ya sa hannu. Ni da direba muka loda, muka kama hanya.

Abin da ya biyo baya da idona na gani. Mota ta tsaya a bakin ruwa, mai kwale-kwalen nan ya yi ta kai da kawowa da katan, ya ƙi karɓar ko sisi. Nas ɗin ta fito da gudu babu takalmi. Mace ce gajera, idanunta sun faɗa don rashin barci. Ta dafa katan na farko da hannu biyu. A ciki yara ne kwance a kan gado da tabarmi, wasu ba su da ƙarfin kuka ma. Kafin la'asar labari ya zaga ƙauyuka, mata suka fara fitowa da goyo, layi har bakin rijiya. Sai dai gado ɗaya na kusa da taga an naɗe katifarsa. Nas ta ce, "Yaron da ke nan jiya da daddare ya cika. Tun da abinci ya ƙare uwarsa ta ƙi komawa gida da shi, ta ce za ta jira."

Da na dawo a daren ban so in faɗa wa Yaya ba, amma ba a ɓoye mata adadi. Ita da kanta ta shigar da yaron a layin waɗanda aka rasa. Ta dubi allon kwamfutar ta ce, "Jiya. Ranar da na roƙa a ba ni." Tun daga lokacin, in zancen ya taso, ba ta ambaton yaran da suka tashi suka yi ƙiba. Wannan kwana ɗayan take ambato. Na ji tausayinta a ranar, kuma har yau ina ji.

Yanzu idanun Yaya sun gaza. Ta ƙara girman rubutun kwamfuta har lamba ɗaya ta kusa cika tafin hannu, likita ya ce ya isa haka. A makon da ya wuce muka yi mata ɗan taron sallama a harabar sito, kujerun roba da lemon kwalba. Ana cikin jawabai sai wata gajeriyar mata ta shigo da jaka a kafaɗa, da ƙurar hanya a ƙafarta. Ni na gane ta, Yaya kuwa ba ta taɓa ganinta ba, shekara da shekaru a waya kawai suke haɗuwa. Matar ta durƙusa ta ce, "Ina wuni, Yaya?" Yaya ta ɗaga kai da sauri ta ce, "Ƙetaren kogi. Ke ce?" Suka riƙe juna, mu kuma kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Da suka zauna, abin da Yaya ta fara tambaya shi ne uwar yaron. Nas ta ce tana nan, yanzu ma ita ke zagaya gidaje da tef tana auna damtsen yara. "Da ta ji zan zo, ta ba ni saƙo. Ta ce in gaya miki, a kwanakin da take zaune gefen gadon nan ta ɗauka duniya ta manta da su. Sai daga baya ta ji wai akwai wata mata a wani ɗaki da ta lura sun yi shiru, ta yi ta nemansu. Ta ce ɗanta dai kwanansa ne ya ƙare, amma tana yi miki addu'a." Yaya ta cire gilashinta ta riƙe a hannu.

Yaya, ke ce idon masu rabo, ke ce mai neman wanda bai yi kira ba. Ke ce kika koya wa mai sito irina cewa katan ba ya da amfani in bai san inda za shi ba. Mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya ba idanunki sauƙi, ya bar ki da jikokinki da telan nan naki, wanda a ƙarshe zai kira ya same ki.

Ga wanda zai hau kujerarta, da duk mai zama gaban jadawali a ofishin agaji, ko asibiti, ko makaranta: in gurbi ya zo muku babu komai, kada ku yi saurin cike shi. Ku ɗauki waya. In ba ta shiga ba ku nemi maƙwabci, in shi ma babu ku nemi mai kwale-kwale. Aikin ba shi da tafi, kuma wani lokaci za ku yi iya yinku amma a rasa wani.

Ke kuma Yaya, ƙaninki na da magana ɗaya da bai iya faɗa a taron ba. Kwana ɗayan nan da kike ɗauke da shi, ki sauke shi haka nan. Ni ne mai mabuɗin sito, kuma na san abin da takardata ta ce a safiyar taron rabo. Ba don ke ba, ba makarar kwana ɗaya za mu yi ba. Ba za mu je ba sam.