Aljanin Kawu Tekaai

Ranar Talata, tara ga Afrilu, da hantsi, labari ya zagaye tsibirinmu na Nonouti cewa Allah Ya yi maka rasuwa, Kawu Tekaai. Ka bar mu da waƙar buɗe sabon zauren gari babu baitin ƙarshe, ga biki ya ƙarato, baƙi har sun fara gyara kwale-kwalensu.

Kowa ya san yadda kake samo waƙa. Da sassafe, in ruwa ya janye, sai ka taka zuwa dutsen bakin teku, ka fuskanci gabas, ka lulluɓe kai da tabarma. Ka dawo kana gunguni, mu mawaƙanka mu kewaye ka muna haddacewa, don ba ka yarda a rubuta. Tsofaffi suka ce aljanin teku ke raɗa maka. Malamin coci ya ce baiwa ce daga Allah, a bar zancen aljani. Kai kuwa ba ka taɓa raba gardamar ba.

Ranar da na matsa maka da tambaya, cewa ka yi, "Meere, ke da bakinki ba ya hutawa, wane aljani zai samu ya sa baki?" Matarka, Gwaggo Rakera, ta ce, "Aljanin da bai taɓa kawo mana ko kan kifi ba? Ya riƙe kayansa!"

Ba ka taɓa hana kowa waƙa ba. Da teku ta ci ɗan maƙwabciyarku Bwena, ta kasa ko kuka, kai ka je ka rera mata baiti biyu a bakin ƙofa. Daga baya ta ce kamar daga cikinta ka ciro kalmomin.

Bayan an binne ka, mawaƙa suka tura ni dutsen, ko aljaninka zai tausaya mana. Na tafi, na lulluɓa da tabarmarka, na jira. Aljani bai zo ba. Garinmu ne ya zo. Ruwan safiya a kwance yake, yana ɗauko kowane sauti ya ajiye a kunnena: mai kankare kwakwa, mai waƙa a saman bishiya, wata uwa tana zagin alade. Ashe duk shekarun nan mu kake saurare.

Can sai na jiyo Gwaggo daga nesa. Ta manta ka rasu, ta ɗaga murya kamar kullum: "Tekaai! Shayinka ya huce!" Ta sake kira, sannan ta tuna. Na yi kuka a ƙarƙashin tabarmar har ruwa ya taɓa ƙafata. Da wannan kiran muka rufe waƙarka.

Allah Ya jiƙan ka, Kawu, Ya yafe maka, Ya sa ka huta. Ya ba 'ya'yanka da jikokinka haƙuri. Gwaggo Rakera, Allah Ya sanyaya miki zuciya. Ranar biki, gari duka zai taya ki kiransa.